Aikin Koyar da Wasan Siki a Ƙasashen Sanyi: Yadda Abin Yake

Makon jiya a hostal wani ɗan ajinmu ya zagaya da wayarsa yana nuna mana bidiyon wani saurayi sanye da jar riga, yana sulalowa daga kan dutse fari fat, yara kusan takwas na biye da shi a jere kamar 'yan tsaki. A ƙasan bidiyon an rubuta wai aikin wata huɗu ne, ga ɗakin kwana, ga albashi da kuɗin waje, mai so ya tuntuɓi lamba kaza. Nan take musu ya ɓarke. Wasu suka ce damfara ce, wasu suka ce da sun gama ND sai tafiya. To, aikin dai gaskiya ne, akwai shi. Sai dai hanyar shiga ba ita ce ta bidiyon nan ba.

Siki wasa ne na zamiya a kan dusar ƙanƙara. Mutum zai ɗaura dogayen alluna biyu a ƙafa, ya riƙe sanda biyu, kujerun da ke rataye a jikin waya su hau da shi kan dutse, shi kuma ya gangaro. A Turai da Kanada da Japan kakar wasan takan fara ne wajen Disamba ta ƙare a Afrilu. A kudancin duniya, irin su Nuzilan da Ostireliya da Cile, sanyin nasu daga Yuni ne zuwa wajen Oktoba. Shi ya sa akwai masu koyarwar da ke bin sanyi kamar yadda makiyayi ke bin ciyawa, su yi rabin shekara a arewa, rabi a kudu, shekaru su wuce ba su ga bazara ba. A taƙaice ci-rani ne, amma na hunturu.

Abu na farko, ba a ɗaukar mutum haka kawai, sai da takardar shaida. Kowace ƙasa tana da hukumarta: BASI a Birtaniya da CSIA a Kanada, kowacce mai mataki huɗu, sai NZSIA a Nuzilan da PSIA a Amurka. Mai matakin farko 'yan koyo zai riƙa koya wa, kuma na Birtaniya ma ba ya ba ka damar aiki a kan dutse, sai a filayen cikin gini ko na roba. Sai ka kai mataki na biyu makarantun kan duwatsu za su fara sauraron ka da kyau. A Ostiriya akwai kwas na kusan kwana goma da ake kira Anwärter, amma ana buƙatar ka iya Jamusanci. Faransa ce ta fi kowa tsauri. A can sai ka yi difloma ta gwamnati, wadda ke cin shekaru, kuma a ciki akwai jarrabawar gudu da agogo mai suna Eurotest, wadda ƙwararru da yawa kan faɗi su sake. Jar rigar nan ta bidiyo, irin ta makarantar ESF ce ta Faransa, da aka kafa tun 1945. Wanda bai taɓa taka ƙanƙara ba a ce zai saka ta cikin wata ɗaya? Haba dai.

Nan ne gizo ke saƙar. Duk waɗannan kwasa-kwasan ba su koya maka wasan daga tushe, suna ɗauka ka riga ka iya. Yaron da aka haifa a ƙauyen Tirol tun yana shekara uku yake zamiya. Mu kuwa iyakar sanyin da muka sani shi ne na hunturun Jos ko Mambila. Akwai kamfanonin da ke shirya horo na mako goma zuwa sama, su haɗa da masauki da jarrabawa, amma kuɗinsu dubban fam ne, ban da jirgi da takalmi da inshora.

Ba wai ɗan Afirka ba zai iya ba. Kwame Nkrumah-Acheampong, ɗan Gana, ya koyi wasan ne yana babba, a wani filin cikin gini da ke Milton Keynes a Ingila inda yake aikin karɓar baƙi, kuma ya wakilci ƙasarsa a gasar Olamfik ta hunturu a Bankuba a 2010. Samuel Ikpefan ya wakilci Najeriya a Beijin a 2022, ko da yake shi a Faransa ya tashi. A nahiyarmu ma akwai wuraren wasan: Afriski a Lesoto da Oukaïmeden kusa da Marrakesh a Maroko. Akwai kuma na cikin gini a Masar da Dubai.

Sai maganar biza, wadda masu talla ba sa son a taɓo. Yawancin matasan da ke wannan aikin a Kanada da Japan da Nuzilan da bizar hutu da aiki suke shiga, wadda ƙasashe ke ƙulla yarjejeniya a kanta tsakaninsu. Najeriya da Nijar ba sa cikin jerin. Abin da ya rage shi ne makarantar da kanta ta nema maka izinin aiki, ita kuma ba za ta sha wannan wahalar ba sai don mai babbar shaida da gogewar kaka biyu ko uku. Saboda haka duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom zai samo maka aikin koyar da siki, alhali ko takalmin wasan ba ka taɓa sakawa ba, riƙe kuɗinka.

Shi aikin kansa fa? Sabon malami yara ake ba shi, 'yan shekara huɗu zuwa shida. Zai yini a sunkuye yana tafiya da baya, yana nuna musu yadda za su haɗa bakin allunan su buɗe bayansu don su tsaya. Wannan ya faɗi a ɗaga shi, wancan ya yar da safar hannu, waccan tana kukan uwarta. Rabin aikin raino ne. Hanyoyin gangarowa kala-kala ne, a Turai kore da shuɗi na masu koyo, ja da baƙi na gwanaye, kuma sabon malami zai iya shafe makonni bai bar koren ba.

Albashin ma a wurare da yawa da awa ake lissafi, awar da ka koyar kawai. Makon Kirsimeti da sabuwar shekara da hutun makarantu na Fabrairu ba ka da lokacin cin abinci. Tsakiyar Janairu kuma sai ka je layi da safe a ce babu ɗalibai, ka koma ɗaki ba ko sisi. Garuruwan nan na masu kuɗi ne, haya da abinci tsada, sau da yawa mutum uku ko huɗu ke cunkushe a ɗaki guda, mu dai wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Mafi yawan masu kakar farko abin da suka samu a can yake ƙarewa. Ga haɗarin gocewar gwiwa, wanda in ya faru kakar ta ƙare ke nan. Hasken rana da ke dawowa daga ƙanƙara kuma yana ƙona ido da fata, baƙi ko fari, dole a sa tabarau.

Musulmi yana da ƙarin lissafi. Abincin ƙauyukan tsaunin Alf cike yake da naman alade, hirar bayan aiki a mashaya ake yin ta, masallacin Juma'a kuma sai an gangara babban gari. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa cikin kakar arewa. Yinin gajere ne, amma busasshiyar iskar kan dutse tana sa ƙishirwa fiye da yadda ake zato.

Ga 'yan sashen yawon buɗe ido da kula da baƙi, da kuma 'yan injiniyan lantarki da kanikanci, ku sani garin siki ba malamai kaɗai yake ɗauka ba. Akwai otal-otal da kicin, akwai masu gyaran injinan da ke hawa da mutane, da masu kula da na'urorin da ke fesa ruwa ya zama ƙanƙara idan sama ta yi rowa. Su ma sai da izinin aiki. Amma yawanci ma'aikaci yana samun katin hawa dutse kyauta ko da rangwame, kuma da irin wannan katin ne wasu suka koyi wasan a ranakun hutunsu, kafin su zauna jarrabawar matakin farko.