Kuɗin ƙungiya a walat ɗin kirifto: Makulli ɗaya a hannun mutum ɗaya hatsari ne

A Mungadi da ke ƙaramar hukumar Maiyama, kamar a Jega da Aliero, an saba da adashi da asusun ƙungiya, inda ma'aji ke riƙe da kuɗin jama'a. Amma idan ƙungiya ta mayar da asusunta kirifto, ma'ajin da makulli ya kuɓuce masa ba shi da bankin da zai kai wa kuka.

Walat irin su MetaMask ana ɗora su ne a kan burauzar kwamfuta kamar Chrome. Daga shafin kamfanin na ainihi ake sauke su, domin 'yan damfara kan ƙirƙiri na jabu. Manhajar za ta ba da kalmomin sirri 12, kuma duk wanda ya gan su ya mallaki kuɗin. A takarda ake rubuta su, ba a ɗaukar hotonsu, ba a tura su ta WhatsApp.

Ga ƙungiya, tsari irin na Safe ya fi dacewa. Ana iya tsara shi ta yadda sai mutum biyu cikin uku sun amince kafin ko sisi ya fita.

Sai dai hakan ma yana buƙatar lura. A watan Fabrairun 2025 masu kutse sun sace kimanin dala biliyan 1.5 daga kamfanin Bybit, bayan sun sauya abin da allo ke nuna wa masu sa hannu.

Saboda haka kowane mai sa hannu ya duba adireshin da kuɗin za su tafi, a kuma fara gwadawa da ɗan kaɗan. Kirifto in ya fita ba ya dawowa.