Bango Kafin Kiɗa: Yadda Mujallun Indi Ke Zaɓen Masu Karanta Su

A watan Yulin 1976 wani matashi ɗan shekara 19 mai suna Mark Perry, ma'aikacin banki a Landan, ya je kallon wasan ƙungiyar Ramones da ta zo daga Amurka. Kiɗan ya tafi da hankalinsa, ya nemi mujallar da ke ba da labarin irinsa a Ingila bai samu ba, sai ya zauna ya haɗa tasa. Kayan aikinsa ƙaramin keken rubutu irin na yara da alƙalami mai kaurin baki. Kanun labarai da hannu ya rubuta su, inda ya yi kuskure ya ja layi ya wuce. Aka buga masa kwafi kusan 50 a injin fotokwafi, ya kai rumfar sayar da faya-fayai ta Rock On. Sunan mujallar Sniffin' Glue. Kafin ya rufe ta a 1977, bayan fitowa ta 12, ana buga kusan kwafi 15,000.

Daga irin waɗannan takardu zubin mujallun kiɗan indi ya samo asali, wato kiɗan da ƙananan kamfanoni masu cin gashin kansu ke fitarwa, ba manyan kamfanonin faifai ba. Abin da nake son mai karatu ya lura da shi shi ne, a wannan fage tsarin shafi ba kwalliya ba ce. Da shi mujalla ke zaɓen wanda zai karanta ta, da shi kuma take yi masa alkawari. Duk wadda ta riƙe zubin ta saki alkawarin, masu karatu sun gane, sun kuma watse.

Rashi da ya zama salo

Babu wanda ya zauna ya tsara cewa mujallar masoya kiɗa za ta fito da rubutun hannu, da hotunan da aka yanko da almakashi aka manna da gam, da layukan da suka karkace. Rashin kuɗin maɗaba'a ne ya haifar da su. Injin fotokwafi na wancan zamani ba ya iya fitar da launin toka-toka, sai baƙi ƙirin da fari fat, shi ya sa fuskokin mawaƙa ke fitowa da kaushi. Amma wannan kaushi ya isar da saƙon da takarda mai sheƙi ba za ta iya ba: wanda ya yi wannan abu sa'anka ne, kuma kai ma za ka iya. A Janairun 1977 wata mujallar masoya mai suna Sideburns ta zana yadda ake danna yatsu a kan jita a wurare uku kacal, ta ce wa mai karatu ya je ya kafa ƙungiyarsa. A watan ne kuma ƙungiyar Buzzcocks ta Manchesta ta fitar da faifanta Spiral Scratch da kuɗin da ta ranto daga dangi da abokai. Shagon Rough Trade, wanda Geoff Travis ya buɗe a yammacin Landan a 1976, ya riƙa jera faya-fayan da mujallun a wuri guda, don masu sayensu ɗaya ne.

Dangantakar ta wuce ta maƙwabtaka a kanta. Wasu kamfanonin indi da suka yi suna a Amurka da takarda suka fara. Touch and Go mujallar masoya ce a jihar Michigan a 1979. Sub Pop, wanda ya fitar da kundin farko na ƙungiyar Nirvana a 1989, ya soma ne a matsayin 'yar mujallar da Bruce Pavitt ya fara haɗawa a 1980.

Abin da bango ke faɗa

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, bango kuwa shi ne fuskar mujalla. Akwai ƙa'idojin da kasuwa ta tilasta wa kowa. Sunan mujalla a sama yake zama, saboda a kantar mai sayar da jarida ana jera su wata a gaban wata, saman kaɗai ake gani. Hoto ɗaya babba ke cin tsakiya. Daga nan hanya ta rabu. Mujallar da ke neman kowa da kowa takan cika bango da kanu shida ko goma masu launi mai ɗaukar ido, da mawaƙi yana murmushi yana kallon mai saye, domin ko wane ne ya tsaya ya sami abin da zai ja shi. Ta indi takan rage kanun, ta bar fili, wani lokaci ta sa sunan ƙungiya kaɗai ba tare da bayani ba. Wanda ya san sunan ya ji da shi ake magana. Wanda bai sani ba, ko dai ya wuce, ko kuma son sani ya sa ya miƙa hannu.

Hoton ma da nasa ladabin. Maimakon ɗakin ɗaukar hoto mai fitilu, sai titi, ko bayan dandali, ko gindin tsohuwar masana'anta. A Janairun 1979 Kevin Cummins ya ɗauki hoton ƙungiyar Joy Division a kan wata gada a unguwar Hulme ta Manchesta, ƙanƙara ta rufe ƙasa, mawaƙan can nesa sun zama ƙanana a tsakiyar gidajen haya. Hoton baƙi da fari ne, kuma ya gaya wa matasan arewacin Ingila cewa wannan kiɗa daga irin unguwarsu ya fito. Shi da Pennie Smith da Anton Corbijn su suka ba jaridar NME kamannin da aka san ta da su.

NME, wadda aka kafa a 1952, da Melody Maker da Sounds, duk a takardar jarida aka riƙa buga su kowane mako, tawada na shafa a yatsun mai karatu. Ba masu zaman kansu ba ne; a lokacin NME mallakar babban kamfanin IPC ce. Amma arhar takardar ta ba su shafuka masu yawa, shafukan kuma suka ba su damar dogon rubutu, da jerin wasannin mako gari-gari, da sharhin faya-fayai da ƙananan haruffa. A baya can akwai ƙananan tallace-tallace, inda ƙungiyoyi ke neman makaɗa. Ta irin wannan talla a NME ƙungiyar Suede ta sami makaɗin jitarta Bernard Butler a 1989. Mai karatun wannan mako kan iya zama wanda ke bango baɗi, kuma ya san da haka. Kaset ma ya shiga cikin zubin: a 1986 NME ta haɗa C86, waƙoƙin ƙungiyoyi 22 da ake aika wa mai karatu ta gidan waya, har sunan kaset ɗin ya zama sunan wani salon kiɗa.

A San Francisco, mujallar Maximum Rocknroll ta kai wannan aƙida maƙura. Tun 1982 da Tim Yohannan ya kafa ta, baƙi da fari ta riƙa fitowa a takarda mafi arha, shafi cike maƙil ba wurin sa yatsa, ma'aikatan duk 'yan sa-kai. Ba ta karɓar tallan manyan kamfanoni, ba ta sharhin faya-fayansu. Wasiƙun masu karatu da rahotanninsu daga ƙasashe daban-daban su suka fi cin shafuka. A haka ta yi ta fitowa har 2019.

Ranar da aka sayi tawayen

Da kwamfuta ta shiga ɗakin tsara shafi, sai kaushin da rashi ya haifar ya zama abin da ƙwararre ke ƙerawa da gangan. Tun kafin haka, mai tsara shafi Neville Brody ya fara wasa da siffar haruffa a mujallar The Face tsakanin 1981 da 1986. David Carson ya zarce shi a mujallar Ray Gun, wadda aka kafa a Kalifoniya a 1992: layi na hawa kan layi, hoto a karkace, tambarin mujallar na sauya kama daga fitowa zuwa fitowa. A 1994 ya ga hirar da aka yi da mawaƙi Bryan Ferry ba ta da armashi, sai ya jera ta gaba ɗaya da alamomin Zapf Dingbats, waɗanda ba haruffa ba ne balle a karanta. An sa rubutun na ainihi a ƙarshen mujallar.

Carson gwani ne, amma a nan nake ganin an kauce. Mujallar masoya ta 1976 tana cewa kowa zai iya. Shafin Ray Gun yana cewa ku tsaya ku ga abin da ni kaɗai na iya. Ba a daɗe ba kamfanoni irin su Nike da Pepsi suka ɗauke shi aikin talla. Salon da aka sani da bijire wa kasuwa ya koma sayar da takalmi da lemo. Ray Gun ta tsaya a 2000.

Akwai kuma wani gyara da ya zo daga ciki. Bangunan indi sun daɗe suna nuna abu ɗaya: samari fararen fata riƙe da jita. A farkon shekarun 1990 'yan mata a garin Olympia na jihar Washington, ciki har da 'yan ƙungiyar Bikini Kill, suka koma ga almakashi da fotokwafi da rubutun hannu, suna rubutu kan cin zarafi da wariyar da suke sha a wuraren wasa, suna aika wa juna ta gidan waya. Sun nuna cewa zubin da ke maraba da wani yana iya rufe wa wani ƙofa, kuma maganin abin shi ne wanda aka rufe wa ya buga tasa.

Wa ya rage, kuma me ya sa

Intanet ta ƙwace labarai da jerin wasanni da tallace-tallace. Sounds ta rufe a 1991 tun kafin guguwar, Melody Maker ta narke cikin NME a 2000. NME, wadda ta sayar da kusan kwafi 300,000 a mako a shekarun 1970, ta sauko ƙasa da 20,000. A Satumban 2015 ta koma ta kyauta, da mawaƙiya Rihanna a bangon farko, ana raba ta a tashoshin jirgin ƙasa. Kwafi ya yawaita, amma tsohon mai karatu ya duba bai ga kansa a ciki ba. A Maris 2018 aka daina buga ta mako-mako.

Mujallar The Wire ta bi wata hanya. An kafa ta a Landan a 1982, ma'aikatanta suka saye ta a 2000, har yau kuma tana fitowa. Bangonta hoto ɗaya ne, sau da yawa na mawaƙin da mai wucewa bai taɓa jin sunansa ba, haruffa a natse, sharhi mai tsawo. Ba ta neman kowa. Tana neman wanda zai biya kuɗi a faɗaɗa masa kunne.

Mu ma a wannan yanki abin ya shafe mu. Masu irin wannan kunne su suka karɓi makaɗan Nijar da kamfanin Sahel Sounds na birnin Portland ya fitar, irin su Les Filles de Illighadad da Mdou Moctar, wanda kundinsa Afrique Victime ya fito a 2021 daga Matador, ɗaya daga manyan kamfanonin indi na Amurka. Shekaru aka yi ana koya wa wannan mai sauraro cewa baƙon suna a bango gayyata ce.

Don haka duk mai son kafa mujallar kiɗa, a ko'ina yake, kada ya fara da tambayar wane salon haruffa ke tashe. Ya fara da sanin wa yake wa magana, da tallan da ba zai karɓa ba, da faifan da zai iya kushewa ko da mai shi ne ya sayi shafin baya. Idan ya amsa waɗannan da gaskiya, zubin zai zo da kansa, ko da kwamfuta ko da almakashi. Idan bai amsa ba, babu mai tsara shafin da zai iya rufa masa asiri.