Ramin tururuwa da rushewar jinga: nazarin wata karin magana ta ƙasar Japon

Wannan ƴar maƙala ta taso ne daga darasin fassara. Mun ba ɗalibai wata karin magana ta ƙasar Japon tare da ma'anarta da Faransanci, muka ce su nemo mata takwara a Hausa. Kusan dukkansu suka kawo "ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido". Amsar ba ta da muni, amma a ganinmu ta kauce wa abin da ginin jimlar ke nunawa. Ga jimlar:

(1) ari no ana kara tsutsumi mo kuzureru
tururuwa / na / rami / daga / jinga / ma / rushe
"Daga ramin tururuwa, har jinga ma kan rushe."

Tsutsumi ita ce jingar ƙasa da ake tayarwa a bakin kogi don tare ambaliya, wadda Faransanci ke kira digue. Kogunan Japon gajeru ne masu gangara, jama'a kuwa a kwari suka fi zama. A filin Nobi, inda kogunan Kiso da Nagara da Ibi ke kusantar juna, akwai garuruwan da aka kewaye ɗungum da jinga, ana ce musu wajū. Ga mazauna irin wannan wuri zancen bai tsaya ga hikima ba: ruwa kan bi ƙaramin rami, ya riƙa ɗibar ƙasa daga ciki yana faɗaɗa hanyarsa, alhali daga waje jingar na nan tsaye kamar lafiya lau.

Asalin maganar daga Sin yake. Tana cikin littafin Han Fei, masanin mulki da ya rasu a shekara ta 233 kafin Miladiyya. Can an ambaci ƙwari biyu, tururuwa da wani mai kama da gyare da ke haƙa ƙasa. Na biyun ya faɗi daga sigar da aka fi ji a Japon. Littafin ya kuma kawo wani Bai Gui, wanda ke zagaya jinga yana toshe ramuka, shi ya sa ambaliya ba ta same shi ba. A riƙe wannan mutum, za mu komo gare shi.

Abu na farko a (1) shi ne aikatau. Kuzureru ƙi-karɓau ne, yana da abokin tagwaici so-karɓau, kuzusu. Bambancin ya yi kusa da na "ta rushe" da "ya rusa ta", wato giredi na 4 da na 1 a rabon Parsons (1960), sai dai "rushe" na Hausa kan karɓi karɓau, kuzureru kuwa ba ya karɓa. Ke nan babu wanda ya rusa jingar a jimlar. Tururuwa ba aikau ba ce; harafin no ya rataye ta ga rami, ta zama bayanin irin ramin kawai. Shi kansa ramin harafin kara ke biye da shi, mai nuna mafari. Daga nan ɓarna ta faro, iyakar abin da aka ce ke nan.

Sai mo, wanda ya maye gurbin ga, harafin da ke nuna jigon jimla, ya ƙara ma'anar "har ma". (Kamarsa da "ma" ta Hausa katsaham ce, kada wani ya gina dangantakar harsuna a kanta.) Shi ke ɗauke da mamakin: abin da aka tara mutane aka gina don ya tare kogi, shi ma bai tsira ba.

A "ɗan hakin da ka raina" kuwa, haki ne aikau, shi ke tsone ido, kuma akan faɗe ta ne game da mutumin da aka ƙasƙantar ya zo ya ba da kunya. Gargaɗi ne kan raina abokin hamayya. A (1) babu abokin hamayya. Tururuwa na haƙa gidanta ne, ba ta san da kogi ba. Mai laifin bai fito a jimlar ba sam, shi ne wanda ya kamata ya yi zagayen Bai Gui bai yi ba.

Wata ɗaliba ta kawo "sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga". Wannan ta fi kusa, don "tsage" a nan ƙi-karɓau ne kuma hankali na kan kafa. Amma tsarin ya juya: bango ne ya fara tsagewa kafin ƙadangare, kuma an fi jin ta kan saɓani tsakanin ƴan uwa. Shawararmu ga mai fassara ita ce ya bar hoton yadda yake, kamar a (1), tunda mai karatun da ya ga ambaliyar Yamai ta 2020 ba ya buƙatar a bayyana masa jinga. Inda za a sha wuya shi ne gajeriyar sigar, ari no ikketsu, "rami guda na tururuwa", da jaridun Japon ke amfani da ita kan ƙaramin sassauci da ake tsoron zai warware doka dukanta. A nan an shafe jinga da aikatau baki ɗaya, dole mai fassara ya maido su da kansa.