Mashi, Garkuwa da Ƙafa: Inda Hausar Dambe Take Ajiye Dabarun Duka da Kariya

A hutun kaka da ya wuce, wani ƙanena a Tasawa ya nuna mini bidiyo a wayarsa na irin damben nan na zamani da ake haɗa hannu da ƙafa, wanda ya samo sunansa a Japan cikin shekarun 1960, sa'ad da aka gauraya karate da damben ƙasar Tailan. Yana kallo yana ambaton sunan kowane duka da Faransanci. Da na nemi ya faɗa mini da Hausa, sai ya yi dariya ya ce Hausa ba ta da waɗannan kalmomi. Maganar ta tsaya mini a rai, domin a ƙasar da muke zaune, daga Tasawa har Mayahi da ke arewa maso yamma da ita a bakin Gulbin Kaba, akwai wasan da shi ma yake haɗa hannu da ƙafa, kuma ya girmi wancan nesa ba kusa ba, wato dambe. Tun da kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, batun keɓaɓɓun kalmomi ya daina zama hirar ɗalibai kawai. Ra'ayina shi ne, Hausa tana da kalmomin, sai dai ba ta ajiye su a inda ƙanena yake nema ba.

A Nijar kokowa ce ta sami gata. Tun daga 1975, da aka fara gasar takobi a Tawa, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, hukuma ta rungume ta. Dambe kuwa ya zauna a hannun jama'a: wasa ne da aka san mahauta da shi tun asali, ana yin sa bayan an yanke gero, da kalangu da kirari. Samarinmu masu zuwa cin rani Katsina da Kano da Abuja su ne suke tarar da gidajen dambe na dindindin, su dawo da labarin ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada da Jamus. Saboda haka Hausar dambe ba ta san iyaka ba, illa dai lafazi: abin da Bakano zai ce ya faɗi, a wajenmu sai ka ji ya hwaɗi.

Mu fara da sunaye, tun da su ne suka fi fitowa fili. Ɗan dambe hannu ɗaya yake ɗaurewa, wanda ya fi ƙarfi, a naɗe shi da ƙyalle sannan a bi shi da zare har ya yi tauri. Wannan hannun shi ne mashi. Ɗaya hannun ana barin sa a buɗe, a miƙe gaba, tafin yana fuskantar abokin karawa, shi ne garkuwa. Idan aka kai mutum ƙasa, ko hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an yi kisa ke nan, ko da zai miƙe nan take ya karkaɗe jikinsa. Duk ukun daga fagen yaƙi aka aro su ta hanyar faɗaɗa ma'ana, kuma ba ado ba ne kawai. Siffantawar ta ƙunshi bayanin dabarar gaba ɗaya. Mayaƙin da yake riƙe da mashi da garkuwa ba ya suka da garkuwa, ba ya kuma kare kansa da mashi. Yana ɓoye bayan ɗaya yana jiran damar sakin ɗaya. Haka ɗan dambe yake tsayawa: ƙafafu a buɗe, jiki a karkace, garkuwa a gaba tana auna tazara, tana tokare kafaɗa ko goshin abokin karawa, wani lokaci ta riƙe shi, mashi kuwa an ja shi can baya, domin ya taho da nauyin jiki duka.

A nan ne babban bambanci yake da damben zamani. A can hannaye biyu duk suna cikin safa iri ɗaya, duk suna duka, duk suna tsare haɓa, shi ya sa masu wasan suka buƙaci suna ga kowane naushi bisa hanyar da ya biyo: wanda ya tafi kai tsaye, wanda ya kewayo ta gefe, wanda ya taso daga ƙasa. Damben Faransawa da ake kira sabat, kalmar da asalinta take nufin tsohon takalmi, haka ya yi wa ƙafa: akwai shurin da suka kira bulala, akwai wanda suka kira kora. Waɗannan harsuna sun zuba dabarun a cikin sunaye, kowane da ɗakinsa, kamar kantin magani. Wanda ya saba da wannan tsari, in ya leƙa Hausa bai ga jerin sunaye ba, sai ya ɗauka ɗakin fanko ne.

Alhali kuwa ko a sunaye Hausa ba matalauciya ba ce. Tana da naushi da ƙulli, tana da mari da dundu da ranƙwashi da mangari, sai dai tana rarrabe su ne bisa yanayin hannu da gurbin da ya sauka, ba bisa hanyar da ya biyo ba. Ainihin dukiyar tana cikin aikatau. A saurari mai ba da labarin wasa: ya kai masa naushi ba daidai yake da ya same shi ba, domin na farko niyya ce da fitar hannu, mai yiwuwa iska ya samu. Ya sakar masa yana nuna hannun da aka daɗe ana tanadi. Ya zabga masa yana ɗauke da tsawon hannu da kewayowarsa, ya ɗirka masa kuwa nauyi ne da kusanci. Babu ɗan kallon da zai musanya waɗannan, ko da bai taɓa jin kalmar aikatau ba.

Abin ya fi armashi idan muka ɗauko tsarin giredin aikatau guda bakwai da Parsons ya shimfiɗa a 1960, muka ɗora shi a kan saiwa ɗaya. Ya buga masa hannu, giredi na ɗaya, yana nuna an ɗora abu a kan wani. Ya bugi wane, giredi na biyu, duka ne ya sauka, ba a ce komai game da sakamako ba. Ya buge wane, giredi na huɗu, aiki ya kammala, mutum ya kai ƙasa. Wane ya bugu, giredi na bakwai, duka ya ratsa shi. Da ninki kuma a sami ya bubbuge shi. Wato abin da alƙalin wasan zamani yake rarrabewa da maki da ƙirga goma, Hausa ta rarrabe shi da wasalin ƙarshe. Akwai tarko a nan ga masu rubutu: idan karɓau wakilin suna ne, giredi na biyu da na huɗu duk ana rubuta su ya buge shi. Karin sauti ne kaɗai ya raba su, na biyu ƙasa-sama, na huɗu sama-ƙasa, kuma rubutunmu na yau da kullum, a Nijar da Najeriya, ba ya nuna karin sauti. Mai karanta rahoton dambe zai iya rasa sanin ko an taɓa mutum ne ko an kashe shi, abin da mai sauraron rediyo ba zai taɓa ruɗewa a kansa ba.

Kalmomin kariya su ne suka fi ba ni mamaki da na jera su: kare, tare, kauce, goce, zille. Dukkansu ƴan giredi na huɗu ne, kamar kashe da buge. Masana, ciki har da Newman a nahawunsa na 2000, sun nuna cewa wannan giredin, ban da ma'anar kammalawa, yana ɗauke da ma'anar rabuwa da nisanta. Biyun farko so-karɓau ne, aikin garkuwa ne: ka tare hannu kafin ya iso, ka kare fuskarka. Sauran ukun ƙi-karɓau ne, aikin jiki ne. Mai kaucewa ya bar layin duka da ƙafarsa, mai gocewa ya karkata kaɗan hannu ya wuce, mai zillewa kuwa an riga an kusa riƙe shi ya suɓuce. Rabon da kociyoyin zamani suke yi tsakanin tarewa da gujewa, ginin jimlar Hausa ya riga ya yi shi.

Sai ƙafa. An yarda da shuri a dambe, kuma ana ambaton cewa ƴan damben da sukan ɗaura akayau a ƙafa. Amma kalmomin da ake da su, shuri da hauri da harbi da taɗiya, babu wadda ta keɓanta da dambe. Harbi ma da jaki da kunama da maharbi duk sun yi tarayya a cikinta. Ƙafa ba ta sami suna irin na mashi da garkuwa ba, kuma dalilin yana cikin ƙa'idar wasan. A damben zamani wanda aka kayar yana da damar tashi kafin a ƙirga goma, don haka ɗaga ƙafa har kai ciniki ne mai riba, kuma an koyi tare shurin ƙasa da ƙwauri. A dambe taɓa ƙasa sau ɗaya ya gama magana. Na tambayi wani tsohon mahauci a wani ƙauye kusa da Mayahi, wanda ya yi dambe a ƙuruciyarsa, na ce, “Baba, me ya sa ba ku cika yin shuri sama ba?” Ya ce, “Ɗana, mai tsayuwa da ƙahwa guda ya ba da rabin kisa kyauta.” A ganinsa shuri na buɗe hanya ne: ka taɓa cinya ko ciki, garkuwa ta sauko, mashi ya shiga.

Har sunayen ƴan dambe suna ɗauke da bayanin dabara. Shagon wane yana nuna gidan da mutum ya koyi sana'a, kuma sunan Shago kansa ya zauna a kunnen Hausawa ta bakin makaɗi Ɗan Anace. Dogo yana gargaɗin tsawon hannu. Bahago kuwa, da ɗafin ba- irin na Bahaushe da Bagobiri, kamar an mai da hagu wata ƙasa ce da mutum ya fito daga cikinta, shi ne ya fi muhimmanci. Idan na-dama biyu suka haɗu, kowa garkuwarsa tana fuskantar ɓangaren da mashi zai fito yadda aka saba. Da bahago kuwa garkuwa biyu suke cin karo a gefe ɗaya, mashi ya taho ta inda ido bai saba ba.

Lokacin wasa shi ma da kalmar gida ake auna shi. Turmi, wanda yake na daka ne a tsakar gida, na atamfa ne a kasuwa, a fage zagaye ne, kuma uku ake yi. In ba a kai kowa ƙasa ba sai a ce turmi uku babu kisa. Sa zare ya zama karawa, an ambaci kayan aiki ana nufin aikin. Daga sunan dambe aka ƙiro aikatau dambata, wanda yanzu ya fita daga fage, har ana jin sa a labarin ƙwallo da na zaɓe. Faɗuwar kuma amsa-kama ce take hukunta ta: ya faɗi tim ba ɗaya yake da ya faɗi warwas ba, na farko nauyin jiki ne ya daki ƙasa, na biyu mutum ya baje ba motsi.

Abin da nake tsoro shi ne ranar da za a zauna ƙirƙiro kalmomin wasanni domin makarantu da gidajen rediyo, a ɗauko jerin Faransanci a bi shi layi-layi ana fassara suna da suna. Za a sami kalmomi masu tsabta a takarda waɗanda babu mahaucin Tasawa da zai gane su, a bar zabga da ɗirka da goce a waje don ba su yi kama da keɓaɓɓun kalmomi ba. Aikin da ya kamata ya riga wannan shi ne a ɗauki muryar ƴan kallo da makaɗa a bakin fage, a rubuta ta da karin sauti da tsawon wasali, a ga wane aikatau ne yake tafiya da wane motsi. Na gwada wannan da ƙanena: na kashe muryar bidiyon, na ce ya ba ni labarin abin da yake gani kamar yana gaya wa abokinsa. Cikin minti uku na turmi ɗaya bai nemi Faransanci ba sai a wuri guda, wajen shurin da ake juyowa da baya a saki diddige. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce harbin jaki.