Yasmin: Furen Da Ake Tsinka Kafin Fitowar Rana

A Kano ko Maradi, jin an raɗa wa jaririya suna Yasmin ya daina zama baƙon abu. Sai dai da yawa daga masu amsa sunan ba su taɓa yin ido biyu da mai ainihin sunan ba. Tsiro ne mai yaɗo, furanninsa ƙanana, yawanci farare fat, wasu kuma rawaya. Masana tsirrai sun ƙidaya kusan iri 200, kuma dangi ɗaya yake da itacen zaitun.

Daga Farisa, wato Iran ta yau, sunan ya taso. Farisawa suna kiran furen yasaman ko yasmin. Larabawa suka ara, Faransawa suka mayar da shi jasmin, Ingilishi ya ɗauka daga gare su. Littattafan sunayen jarirai sukan ce ma'anarsa "kyautar Allah". Fassarar tana da daɗin ji, amma a bakin Farisawa kalmar sunan furen ce kawai. Wanda ya sa wa 'yarsa Yasmin fure ya kira ta, kuma wannan ba abin rainawa ba ne.

Akwai irin da Turawa suke laƙaba wa "yasmin na Larabawa", alhali asalinsa Kudancin Asiya ne, fatake suka yaɗa shi. Larabawa da kansu full suke ce masa. A Jazan ta Saudiyya ana shirya shi a zare kamar tsakiya, a rataya wa ango da amarya. Shi ne furen ƙasa na Filifin tun 1934. A Tunisiya maza kan maƙala ɗaurin yasmin a bayan kunne, kuma boren da ya kori Shugaba Ben Ali a 2011 da sunan furen jaridun Turai suka kira shi. Dimashƙa kuwa kirarinta birnin yasmin.

Wahalar tana gona. Furen da dare yake buɗewa, ƙamshinsa ya kai maƙura kafin ketowar alfijir, rana na ɗagawa ya fara gushewa. Shi ya sa a ƙauyen Shubra Balula, a lardin Garbiyya na Masar, mata da maza suke shiga gona tun tsakar dare, da fitila ɗaure a goshi da kwando a gefe. Ɗaya bayan ɗaya ake tsinka da yatsu, a hankali, don furen da ya murje ya tashi daga aiki. Kafin a cika kilo guda sai an tsinki dubbai, kuma tan guda na fure 'yan kilo kaɗan na ɗanyen turare yake bayarwa. Masar da Indiya ne ke samar da mafi yawansa a duniya. Garin Grasse na Faransa har yanzu yana noma wanda ake zubawa a Chanel No. 5, turaren da ya fito a 1921.

A Fuzhou ta ƙasar Sin shayi suke ƙamsasawa da furen yasmin: a cakuɗa ganyen da sabon fure ya kwana, a tsince furen, a sake zuba wani.

Tsantsar man yasmin na cikin kayan haɗa turare mafi tsada. Ƙaramar kwalbar da ake sayarwa da araha a kasuwa, an rubuta mata "yasmin", kusan kullum haɗin sinadarai ce da aka kwaikwayi ƙamshin furen da ita.