Masu bin sawun haske

Idan sabis ya ɗauke a Minna, masu POS na Kasuwar Kure ne ke fara kuka, sai ɗaliban jami'a na Gidan Kwano. Amma tun kafin su ankara, wata 'yar fitila ta riga ta kama a ɗakin na'urori da ke gindin ƙarfen sabis, kuma akwai mutumin da hanyar abincinsa ke nan: gane abin da fitilar take faɗa.

Wayar faiba da ke haɗa tashoshin sabis zaren gilashi ce, kaurinta kashi ɗaya cikin takwas na milimita, haske ne ke ɗaukar magana a cikinta. Galibi zare biyu ke haɗa tasha da tasha, ɗaya na aikawa, ɗaya na karɓa. A ce tsakanin Minna da Suleja. In na'urar Minna ta nuna LOS, magana ta fito fili, haske ne bai iso ba. Wadda ke rikita sabon shiga ita ce RDI, domin ba ciwon na'urar da ke gabansa take faɗa ba. Saƙo ne daga Suleja, kamar mutum a tsallaken kogi yana ɗaga maka hannu cewa muryarka ba ta kai masa. Kai kana jin sa, shi ne ba ya jin ka, saboda haka zarenka na aikawa za a tuhuma.

Mai gaggawa sai ya hau cire katin na'ura yana sauyawa, ya kashe layukan da lafiyarsu ƙalau. Wanda ya goge kuwa, wayar hannu yake fara ɗauka ya kira na Suleja: "Oga, me kake gani a wajenka?" Sannan ya auna ƙarfin hasken da ke fita, ya mayar da shi cikin na'urar don ya wanke ta daga zargi, ya goge bakin mahaɗar. Ƙura kaɗai ta isa ta tsayar da layi, balle da hunturu. Ba ya taɓa leƙa bakin zare, don hasken ba ya ganuwa amma yana illa ga ido.

In duk wannan bai warware ba, sai a jona na'urar OTDR, ta harba haske ta faɗi nisan inda waya ta tsinke. Daga nan aiki ya koma bakin titi, sau da yawa inda katafila ta yi haƙa. A feɗe zare, a goge da sifirit, a yanke bakinsa daidai, na'ura ta narka biyun su zama ɗaya, shuɗi da shuɗi, kore da kore, ko da dare ne, ko ana tsuga ruwan Agusta.

Inda na fi ganin girman sana'ar shi ne ranar da babu mai kuka. Layin da aka yi wa hanyar ko-ta-kwana yakan juya cikin kashi 50 cikin 1,000 na daƙiƙa, ba wanda zai ji. Fitilar dai tana nan a kunne, kuma mai amana ba ya barin ta ta kwana, don ya san in hanya ta biyu ta tsinke, gari ne zai yi shiru. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. Da haƙe-haƙen tituna da ake yi a Minna, roƙon waɗannan ma'aikata ga 'yan kwangila bai wuce a kira su kafin a kafa katafila ba, su nuna inda waya ta bi.