DVD ko Blu-ray: wane faifai ya dace da mai shirya fim a Bukoki?

Kamerar da ake ɗaukar biki ko fim da ita a Yamai a yau, kai har salula mai ɗan tsada, hoto mai kaifi take ɗauka, wanda ake kira HD. Matsalar takan taso ne bayan an gama montaj, lokacin da za a miƙa aikin ga mai kallo. A unguwar Bukoki, kusa da kasuwar Katako, matashin da ya zuba kuɗinsa a fim ko mai ɗaukar hoton aure yana da faifai iri biyu a gabansa: DVD da kowa ya sani, da Blu-ray wanda ake cewa shi ne na zamani. Wanda ya zaɓi faifan da bai dace ba, ko dai ya yi asarar kuɗi yanzu, ko ya yi asarar fim ɗin kansa nan gaba.

A ido faifan biyu girmansu ɗaya, santimita 12. Bambancin yana ciki. DVD na ɗaukar giga 4,7, mai hawa biyu kuma giga 8,5. Blu-ray na ɗaukar giga 25, mai hawa biyu 50. Dalili shi ne hasken da ke karanta su: na DVD ja ne, na Blu-ray shuɗi ne kuma ya fi siriri, don haka ana iya matse rubutun sosai a fili guda. Daga nan sunan ya samo asali.

Hoton tele kuwa ɗigo-ɗigo ne aka jera. Na DVD a ƙasashenmu 720 ne a kwance, 576 a tsaye, wato ɗigo kusan dubu 415. Na Blu-ray 1920 ne da 1080, fiye da miliyan 2. Ninki biyar ke nan cif. Ma'ana, wanda ya ɗauki fim a HD ya zuba shi a DVD ya zubar da kashi huɗu cikin biyar na ɗigon da kamerarsa ta kamo. A tsohuwar tele mai ƙusumbi ba wanda zai lura. A faffaɗar tele ta bango, ko a majigin da ake haskawa a zaure, fuskoki sai su yi dishi-dishi, rubutun sunayen ƴan wasa ya riƙa rawa.

To me ya hana kowa komawa Blu-ray? Na'urar kallo. Wadda ke karanta Blu-ray tana karanta DVD, amma ta DVD ba ta san Blu-ray ba, ko an saka shi ba zai buɗe ba. A gidajen Bukoki, inda aka samu na'urar faifai, galibi ta DVD ce, irin mai araha da ake samu a Katako ko Babbar Kasuwa. Wurin da aka fi cin karo da mai karanta Blu-ray shi ne rumfunan wasan PlayStation 3 da 4, kuma yaran da ke can ƙwallo suka je bugawa. Mai ɗaukar hoton da ya kai wa uwar amarya Blu-ray, washegari za a dawo masa da shi a ce faifan ya lalace.

Kasuwar finafinan Hausa ta riga ta yanke wannan hukunci tun tuni. Daga «Turmin Danya» da aka yi a Kano a 1990, an fara da kaset, aka koma VCD, wanda hotonsa 352 ne da 288 kacal kuma bai fi minti 80 yake ɗauka ba, sannan aka zo DVD. Blu-ray ya fito kasuwar duniya a 2006, ya kayar da abokin takararsa HD DVD na kamfanin Toshiba a watan Fabrairun 2008, amma bai taɓa samun gindin zama a Ƙofar Wambai ba, balle a Maradi ko Damagaram. Daga DVD mutane tsallakawa suka yi zuwa turawa a salula da YouTube. Ko a ƙasashen da aka ƙera shi ma yana ja da baya: a farkon 2025 kamfanin Sony ya sanar da daina yin faifan Blu-ray na zuba bayanai. Duk wanda zai sayi injin buga shi yau, ya sani kayan aikin za su ƙara wuyar samu.

Akwai kuma laifin da ake ɗora wa DVD wanda ba nasa ba ne. Faifai mai giga 4,7 yana ɗaukar fim na kusan awa biyu da hoto mai kyau. Masu satar fasaha ne suka saba cusa finafinai biyar ko shida a faifai guda, hoton ya farfashe kamar an yayyafa masa yashi, har jama'a suka ɗauka haka DVD yake. Fim guda a faifai guda, an fitar da shi daga kwamfuta a tsarin hoto 25 cikin daƙiƙa ba tare da an matse shi fiye da kima ba, ya isa a kalla a falo ba tare da kunya ba. Kuma in za a faɗi gaskiya, mai kallo a nan ya fi yafe wa dusasshen hoto a kan muryar da ba ta fita. Kuɗin da za a kashe kan Blu-ray, sau da yawa ya fi amfani a sayi makirfo mai kyau.

Wanda ke hangen bukukuwan finafinai lissafinsa daban ne, amma shi ma ba lallai Blu-ray ba. FESPACO na Wagadugu, inda Umaru Ganda ya fara ɗaukar babbar kyauta a 1972 da «Le Wazzou polygame», ya daɗe yana gindaya sharaɗin fim ya zo a kan zaren silima na milimita 35 kafin ya shiga babbar gasa. Sai a 2015 aka buɗe ƙofa ga finafinan dijital. Abin da manyan zaurukan silima ke karɓa yanzu shi ne DCP, wani kunshi da ake kaiwa a kan rumbun ajiya, ba faifai ba. Wajen tantancewa kuma ta intanet ake aika fim. Blu-ray yakan shigo ne a matsayin kwafin ko-ta-kwana, ko don ƙaramin zaure da ba shi da injin DCP. Kwafi biyu ko uku sun wadatar, kuma sai an karanta dokar bikin an ga sun nema.

Babban haɗarin yana bayan an raba faifai. Da yawa sukan buga DVD, su miƙa wa mai aiki, sannan su goge asalin fim ɗin daga kwamfuta don samun wurin aikin gobe. Ana iya saukar da HD ya koma DVD a kowane lokaci, amma DVD ba ya komawa HD, kamar yadda gari ba ya komawa gero. Ranar da tasha irin Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ko wani mai rarraba fim a intanet ya nemi kwafi mai kaifi, wanda ba shi da komai sai DVD ba shi da abin sayarwa. Tsofaffin finafinan zamanin kaset da ake gani a YouTube da hoto kamar an kalle su ta cikin hazo sun isa misali.

Faifan da aka buga a shago ma ba ma'aji ba ne. Sinadarin da ke riƙe rubutun DVD irin na bugawa ba ya jure zafi da rana, ga shi a Yamai zafin watan Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke kankare bayan faifai. Asalin fim ya kamata ya zauna a rumbun ajiya guda biyu, ɗaya a shago, ɗaya a wani gida daban, a riƙa jona su lokaci-lokaci ana dubawa, musamman bayan ɗaukewar wuta ana tsakar aiki. A nan ne Blu-ray ke da ɗan amfani ga wanda ya riga ya mallaki injinsa: faifai mai giga 25 ko 50 na iya zama kwafi na uku, a saka shi cikin gidansa na roba, a ajiye a akwati nesa da kwanon rufi.